Tokar da Na Tankaɗe daga Adakar Inna

Inna, ni ne Sama'ilu, autanki. Kin sha faɗa cewa hannuna yana da albarka amma kunnena na ado ne, kuma duk abin da na gano a birni sai in ɗauka ya fi na gida. Lokacin da kike raye dariya nake yi. Yau babu dariya a bakina.

Kin tuna shekarar da na bar makaranta a aji huɗu na sakandare, lokacin da tsada ta kai ko tuwon dare sai an yi dabara. Kafin in dawo ƙauye na ɗan zauna a birni, a Rijiyar Zaki, wurin masu haɗa gadaje da kujeru. Ban iya kafinta ba, fenti ne ya shiga raina. Na dawo da ragowar gwangwanaye da burushi da samfefar goge katako. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. In na taso daga gona sai in jawo tsohon abu in goge, in shafa masa launi, in zauna ina kallonsa yana bushewa. Na fente bencin zaure, na fente gadonki na ƙarfe, har kujerar da kike zama a bakin murhu. Yaya Sabo yakan tsaya a tsakar gida ya ce, "Jama'a ku ɗaure awakinku, kar Mai Fenti ya mayar da su shuɗaye."

Abu ɗaya kika hana ni, tsohuwar adakarki ta katako. A ciki kike ajiye irin waken da kika gada daga mahaifiyarki, ƙanana farare, masu haƙuri da ƙarancin ruwa, waɗanda mutanen unguwa ke kira waken Hure saboda ke. Duk kaka sai ki zaɓi masu kyau, ki shanya, ki cuɗe su da toka da busasshen barkono, ki rufe. Tokar tana tsiyayowa ta tsagar katako, duk ta mayar da adakar fururu.

"Inna, bari in gyara miki ita ta koma kamar ta amarya," na taɓa ce miki.

Kika ce, "Amarcina ya wuce, ɗan nan. Je ka fente duniya, ka bar mini adakata da tokarta."

Kin gama ajiye irin bara da hannunki, sannan zazzaɓin nan ya kwantar da ke, ba ki tashi ba. Bayan sadakar arba'in aka raba kayan ɗakinki, aka ce adaka ta zauna a gida saboda iri. Na yini ina kallonta a ɗakin da babu ke. Ina so in yi miki wani abu, Inna, kuma ban iya komai ba sai fenti.

Na juye waken a tabarma, na ɗauko rariya ina tankaɗe tokar. A haka Yaya Barira ta same ni, ranar da take shirin komawa ɗakin mijinta a Tsanyawa.

"Kai Sama'ilu, me nake gani? Tokar Inna kake tankaɗewa?"

"Yaya, za ta ɓata mini aiki ne. Kuma ai warin fenti ya fi toka korar ƙwari. A birni ba kya ganin ƙwaro kusa da sabon fenti."

"A birnin wa ka gani yana ajiye iri? Mayar da ita, ɗan boko rabi da rabi."

Wannan kalma ta soke ni. Na ce, "To, na ji, zan mayar." Tana hawa mota na kwashe tokar na watsa a bayan garken awaki.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Na goge katakon har ya yi santsi kamar tafin jariri, na toshe tsagogin, na shafa shuɗi irin na sama bayan an ɗauke ruwa, na zana farar fulawa a murfin. Da ya bushe na zuba waken fes, babu toka, babu barkono, na sa kwaɗo na riƙe mukulli. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa, "Allah sarki, da Hure ta ga wannan." Ni kuwa ina jin daɗi.

Zafin bazara ya zo ya wuce ban buɗe ba. Wata rana cikin bazarar, da azahar, na shiga ɗakin, sai na ji wani ɗan sauti daga cikin adakar, siriri, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Na tsaya. Na ce wa kaina katako ne yake miƙewa saboda zafi, na fita da sauri. Da a lokacin na buɗe, wataƙila da an tsira da rabi. Tsoron kar a ce Yaya Barira ta yi gaskiya ne ya hana ni.

Yanzu damina ta zauna, gero ya tashi, mun gama noman farko. Yau da safe Yaya Sabo ya dafa kafaɗata a bakin gona.

"Mai Fenti, jibi in Allah ya kai mu za mu zuba wake. Ka ga masu zuwa kasuwa neman iri suna dawowa da buhu a naɗe, abin ya gagari talaka. Mu kam Inna ta rufa mana asiri tana kabari. Kawu Dabo ma ya roƙi kaɗan, na ce ya aiko."

Na dawo gida na buɗe, Inna. Ƙwari suka taso mini a fuska. Warin fenti ya daɗe da gushewa, sai warin ruɓa. Na tura hannu, hannuna ya nutse cikin gari. Duk ƙwayar da na ɗauka a huje take, in na matsa sai ta murmushe. Na zuba wasu a ruwa, duk suka taso sama. Na zauna na tsince adakar nan ƙwaya ƙwaya, abin da na samu lafiyayye bai cika tafin hannuna ba. Na je murhu na ɗebo toka na cuɗe su, na ƙulle a bakin tsohon zanenki. Sai yanzu, da babu sauran abin tsarewa.

Ina rufe murfin Yaya Sabo ya leƙo neman fartanya. Ya shafa fulawar da na zana, ya ce, "Kai, amma ta yi kyau." Na kasa ɗaga kai.

Mai karatu, ga abin da na koya, kuma gidanmu ne zai biya kuɗin karatun da yunwa. In ka ga tsoho ya bar wani abu cikin abin da kake kira ƙazanta, tambayi dalili kafin ka share. Ɗan abin da ka tsinta a waje bai isa ka raina aikin da ya ciyar da kai tun kana goye ba. In kuma ka yi kuskure, ka buɗe ka duba tun da sauran abin ceto, kar girman kai ya sa ka rufe da kwaɗo. Kyan waje ba ya tsare abin da ke ciki. Ni ga shi ina ba wasu shawara, alhali jibi ne shuka, mukullin yana aljihuna, kuma ban da ke, Inna, har yanzu ban gaya wa kowa ba.