Inci Biyun Da Tela Ya Raina

Akwai wani tela da ya yi suna wajen awo. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan keken ɗinki, ba a taɓa dawo masa da riga an ce ta matse ba. Tef ɗinsa kullum yana rataye a wuya, har matarsa kan tsokane shi wai da shi yake wanka. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: idan ya ce ya auna, to magana ta ƙare, ko wa ya zo.

Babbar 'yarsa shekararta goma sha ɗaya. A gida Malama ake ce mata, don tun tana ƙarama take jera ƙannenta mata biyu tana koya musu karatu da guntun allin da babanta yake zana yadi da shi.

Shekara biyu da suka wuce wani ciwo ya kama mata baya. Ya kwantar da ita wata huɗu, da ya tashi tafiya ya tafi da ƙafafunta. A asibiti aka haɗa mata kujera mai taya, aka ƙera majinginarta daidai da lanƙwasar bayanta. Kujerar ba ta naɗewa, ba a kwance ta. In ba a cikinta ba, Malama ba ta iya zaman rabin awa ba tare da ciwo ya taso ba.

Tun daga nan makaranta ta tsaya mata. Masu tasi da sun hango kujerar sai su ƙara wuta. Wanda ya daure ya tsaya kuwa sai ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan ai sai motar kaya."

Kullum da safe ƙannenta su ɗauki jaka su fita, ita kuma ta ce musu a dawo lafiya daga bakin taga. Tela yana ji, yana ɗaure takalmi, ba ya iya ɗaga kai. Abin yana cin ransa, amma bai san inda zai kama ba.

Ana cikin haka abu biyu suka zo tare. Matarsa ta samu ciki na huɗu. Sannan wata makaranta da ba ta da bene ko matakala ta yarda za ta karɓi Malama. Sai dai makarantar tana can ƙetaren babban titi, da nisa. Shugabar ta faɗa musu a fili cewa gurbi ɗaya ne ya rage, kuma idan yarinyar ba ta zo ranar Litinin ta farkon zango ba, akwai masu jira.

Tela ya sayar da kekensa na surfani da 'yan abubuwan da ya tara, ya ce mota za a saya, ta hannu, irin mai dogon bayan nan da ake kira wagon. Matarsa ta koyi tuƙi da motar yayanta. Shirin mai sauƙi ne: shi ya buɗe shago da wuri, ita ta jingina katako a bayan motar, ta tura kujerar ciki ita kaɗai, ta kwashi yara.

Ranar Asabar, saura kwana biyu a koma makaranta, ya durƙusa ya auna kujerar, tsawo da faɗi da tsayi, ya rubuta a bayan kwalin zare.

Matarsa ta ce, "Baban Malama, ka tafi da kujerar mana, ka gwada da idonka."

"In tafi da ita, ita kuma ta zauna a kan me?"

"Ta kwanta na awa biyu, ba abin da zai same ta."

Tela ya yi dariya. "Yanzu ni zan ratsa wajen masu motoci ina tura kujera ba kowa a ciki, kamar mai talla? Ni da nake auna ƙato da ido tun daga bakin ƙofa? Haba Maman Malama."

Ta ƙyale shi. Ta san mijinta.

A wajen sayar da motoci dillali ya nuna masa guda biyu. Ta farko fara ce da rana ta cinye fentinta, bayanta a miƙe kamar firij ɗin da aka kwantar. Ta biyu shuɗiya ce mai sheƙi, bayanta ya gangaro da kyau, kujerunta na fata. Tela ya bi ɗinkin kujerun da ɗan yatsa, ya ga zaren bai kauce ko sau ɗaya ba. Nan take ta shiga ransa.

Ya zare tef ya auna cikin but ɗin kowacce. Duk biyun sun isa. Sai ya auna bakin but ɗin, inda kujerar za ta bi ta shiga. Farar ta ba da har da saura. Shuɗiyar kuwa ta gaza da inci biyu.

Kada wani ya ce bai gani ba. Ya gani sarai, har sau biyu ya maimaita awon.

Amma inci biyu a wajen tela ba komai ba ne. A shago in riga ta gaza da inci biyu, sai ya farke gefe, ya saki kalmasa, ya ɗan ja, ya sa dutsen guga. Ya ce a ransa ai dama hannunsa ya saba ƙara sarari in yana awo, ƙila haka ya yi wa kujerar. Ga kuma roba a bakin but ɗin, roba kuwa tana lotsawa. In ta kama ma a ɗan karkata kujerar.

Dillalin ya ga ya daɗe a tsugune, ya ce, "Yallaɓai, in kayanka masu tsayi ne, tsohuwar can ta fi baki."

Tela ya miƙe yana naɗe tef. "Na koya maka sayar da mota? To kada ka koya mini awo."

Aikin takardu ya sa sai ranar Lahadi da yamma ya iso gida da ita. Maƙwabta suka fito ana ta sa albarka. Aka turo Malama har jikin motar, ta shafa ƙofar da tafin hannunta, tana kallon fuskarta a fentin tana dariya. Rabon da tela ya ji irin dariyar nan har ya manta.

Matarsa ta matso ta ce a hankali, "Mu gwada kujerar yanzu, tun da sauran haske."

"Yarinya tana cikin murna za ki ɗaga ta? Na ce miki na auna."

Gaskiyar magana, inci biyun nan suna sukarsa a zuciya tun jiya. Tsoro yake ji a gwada a gaban jama'a.

Litinin da safe Malama ta riga kowa shiri. Tela ya ɗauke ta cak ya zaunar a kujerar gaba, ya tokare mata baya da matashin kai. Ya jingina katako, ya turo kujerarta sama.

Ƙwas! Saman majinginar ya daki bakin but ɗin.

Ya ja baya ya karkata ta, tayoyin suka tokare. Ya juya ta gefe, faɗinta ya hana. Ya sace iskar tayoyin, ya ɓamɓare robar bakin but ɗin da hannunsa, har yanzu da saura. Gumi ya karyo masa. Matarsa tana tsaye da makulli a hannu tana kallonsa.

Maƙwabcinsu mai walda ya fito, ya zagaya motar, ya duba kujerar, ya girgiza kai.

Tela ya ce, "Don Allah ka ɗan rage mini wani abu. Inci biyu ne fa kawai."

"In rage ina? In na yanke kujerar, na ɓata abin da ke riƙe bayan yarinya. In na yanke bakin but ɗin nan, shi ke riƙe da ƙofa da gilashi. Ƙarfe ne wannan, tela, ba yadi ba. Ba a sakinsa."

Suka gwada ɗora kujerar a saman motar. Sai da suka kira mutum na uku kafin ta hau, ta kuma kankare fentin. Matarsa ta dubi kujerar a can sama, ta dubi cikinta, ta ce, "Haka zan riƙa yi kullum safe da rana? Da wa?"

Daga cikin motar suka ji wani ɗan nishi. Malama ce, ta cije leɓe, ta riƙe gefen ƙofa da ƙarfi. Ta fi awa a zaune ba majinginarta, ta ƙi faɗa don kada a ce ta fito. Dole aka sauko da kujerar, aka mayar da Malama cikinta, aka tura ta cikin gida.

Tela ya ja motar ya koma wajen dillali, tun a hanya yana haɗa kalaman ban haƙuri. Dillalin bai yi masa dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce mai motar na da ya riga ya yi tafiya, abin da aka saya kuma ba ya komawa.

"To musanya mini da farar nan. Ko me za a yi, a yi."

"Farar? Jiya da rana wani mai gidan burodi ya ɗauke ta. Ka bari in nemo maka mai sayen wannan, amma fa sai ka yi haƙuri. Wata ɗaya, wata biyu, Allah ne masani."

Rana ta take tsaka ya iso ƙofar gida. Ya kashe motar ya zauna a ciki, ya kasa fita. Tunda yake bai taɓa jin kansa ba shi da amfani kamar ranar ba. Ga mota, ga makulli, ga mai a tanki, amma ba abin da zai iya yi da su.

Da ya shiga ya tarar da Malama a tsakar ɗaki, har yanzu da kayan makaranta a jikinta, jaka a kan cinya. Matarsa ta ce ta yi ta yi ta cire, ta ƙi.

"Baba, an samu?"

Tela ya durƙusa a gabanta. Da ƙyar ya ce, "Laifina ne, Malama. Na ga ba za ta shiga ba, na saya. Mamanki ta faɗa mini, na ƙi ji."

Yarinyar ta fara zare jakar daga wuyanta. "Ba komai Baba. Ai na saba zama."

Nan hawayen da yake riƙewa tun safe suka zubo, a gaban 'yarsa da matarsa.

Matarsa ce ta kira shugabar makarantar ta roƙe ta. Shugabar ta ce ta ƙara musu kwana ɗaya, daga gobe da safe kuma ba ta da yadda za ta yi.

Talata da sassafe tela bai buɗe shago ba. Ya sa wa tayoyin kujerar iska, ya kama hannun kujerar, ya wuce ta gefen shuɗiyar motar, ya miƙi titi a ƙafa.

Hanyar ba ta masu kujera ba ce. Inda babu yashi akwai kwata, inda babu kwata an baza kaya. Motoci suna danna masa hon, masu babur suna gogar gwiwar hannunsa. A babban titi sai da suka daɗe a tsaye kafin wani direba ya tausaya ya tsaya musu. Awa ɗaya da kwata suka yi. Yana tafe yana tunanin zai koma, ya sake dawowa da rana, ya sake komawa, ga ɗinkin mutane jibge a shago, ga haihuwa ta kusa.

Suna isa ana kaɗa ƙararrawa. Wata malamar aji ta fito ta karɓi kujerar daga hannunsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya yi ja.

Har an fara tura ta, Malama ta waiwayo. Ba murna ce a fuskarta ba, tsoro ne.

"Baba, gobe ma za ka iya?"

Shi kansa bai san amsar ba. Ya ce, "Zan iya."

Darasi: Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a komai ba. Idan za ka saya wa iyali abu, ka zaɓi wanda zai yi wa mafi rauninsu aiki, ba wanda zai burge maƙwabta ba, kuma ka saurari wadda za ta yi amfani da shi kullum. Girman kan uba, sau da yawa a kan 'ya'ya yake ƙarewa. Ku tura wa wani magidanci wannan labari kafin ya karɓi makulli.