Kifin Malam Riyas Da Harshen Inna Turai

Akwai wani malamin kimiyya a Bebeji, Malam Surajo, wanda a watan Janairun 1986 aka bar masa amanar abin da babu mai irinsa daga Kiru har Doguwa: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifayen teku uku a ciki.

Mai akwatin ɗan ƙasar Filifin ne, Mista Reyes, wanda ɗalibai suka mayar Malam Riyas. Shekara shida yana koyar da lissafi a sakandaren da Surajo yake aiki. Da wa'adinsa ya cika ya rarraba kayan ɗakinsa, amma akwatin ya kai shi gidan Surajo da kansa.

"Wannan tekun garinmu ne," in ji shi da Hausarsa mai gargada. "Ba zan iya shiga jirgi da shi ba. Ka riƙe mini su da rai."

Ya bar masa buhu biyu na gishirin teku, da takarda mai cewa giram talatin da biyar a kowace lita. Ya ce matatar ruwan ta tsufa, gilashin auna gishiri kuma ya fashe wajen kwashe kaya, a sayi sababbi.

Biyu daga kifayen masu launin ruwan lemo ne da farar ɗamara, na ukun shuɗi ne, bai fi babban yatsa ba. A ƙasa akwai duwatsun murjani, da wasu halittu masu taushi a jikinsu da suke buɗewa kamar fure idan an kunna fitila.

Surajo ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Aibinsa ɗaya. Kafin ya saurari magana, sai ya fara duba inda mai maganar ya tsaya a karatu.

Ranar Asabar ya shiga ƙaramar bas zuwa Kano, ya samu shagon da Malam Riyas ya kwatanta masa a Sabon Gari. Ya zaɓi matata mai soso da gawayi. Ya zaɓi injin busa iska wanda zai iya aiki da batirin mota idan wuta ta ɗauke. Ya ɗauki doguwar fitila, da ƙaramar fanka da za ta riƙa kaɗa saman ruwan saboda zafin da ke tafe. Duk zaɓin nan babu kuskure a ciki.

Mai shagon, wani dattijo mai gilashin ido, ya miƙo masa wani siririn gilashi kamar na auna zazzaɓi.

"Ka manta wannan, Malam. Ana saka shi a ruwa ya yi iyo, ya nuna maka nauyin gishirin."

"Ina da sikeli a ɗakin gwaji," in ji Surajo. "Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ruwan nan sai na auna ta. Wannan ai na masu kirdado ne."

Dattijon ya mayar da gilashin cikin kwalinsa.

Wata biyu komai lafiya. Malamai suna zuwa kallo bayan la'asar, har wani mai suna Uba ya ce wannan ta fi talabijin, tunda ba a rufe tasha.

Sai bazara ta shigo. Fanka tana aiki wuni guda, ruwan akwatin yana raguwa da faɗin yatsa biyu kowace rana. Kullum da yamma Surajo yakan auna lita, ya auna giram talatin da biyar, ya dama, ya cika akwatin har layin da ya zana da jan biro.

A lokacin ne matarsa Hasana ta haihu, kakarsa Inna Turai ta zo daga Yako zaman jego. Shekara talatin ta yi tana tuwon sayarwa a kasuwar garinsu. Idonta ya yi rauni, don haka abin da wasu suke dubawa ita taɓawa take yi, ko ta kai baki.

"Maigidan," ta ce masa, kamar yadda take kiransa tun yana rarrafe, "wai waɗannan yaushe za su isa soyawa?"

"Ba na ci ba ne, tsohuwar amarya. Na kallo ne."

"Ga dam ɗin Tiga nan kusa, kifi har da na bayarwa, kai ka zauna kana yi wa uku fifita. Ni da na baro garinmu saboda kai ko mafici ba ka ba ni ba."

Ranar farko ta tsoma yatsa a ruwan akwatin ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, aka yi dariya. Bayan kwana goma ta sake tsomawa. Wannan karon ba ta yatsine ba. Ta shafa bakin gilashin, ta ji wani farin ɓawo yana marmashewa a hannunta. Da yamma ta same shi yana dama gishiri a bokiti.

"Surajo, ruwan nan ya fi na ranar da na zo ɗaci."

"Ba zai yiwu ba, Inna. Awo ɗaya nake yi kullum."

"Ni dai na san miya. Idan ta tsotse a kan wuta, ruwa ake ƙara mata. Ban taɓa ganin macen da ta ƙara mata gishiri ba."

Ya yi dariya, ba ta raini ƙarara ba, irin wadda ake yi wa tsoho don a wuce wurin.

"Wannan teku ne, Inna, ba miyar kuka ba. Kifin teku ruwan gishiri yake so. In na zuba masa ruwan randa ai na kashe shi."

"To, Allah ya ba da sa'a, malamin makaranta."

Ya juye bokitin har jan layi.

Kwana huɗu bayan haka shuɗin kifin ya daina cin abinci. Washegari Hasana ta gan shi kwance a kan yashi. Furannin jikin duwatsun ma sun tsuke, ko an kunna fitila ba sa buɗewa.

Surajo ya ɗora laifin a kan matata. Ya wanke soson, ya sake gawayin. Da hakan bai yi ba, ya koma Kano ya sayo babba, wadda aka yi don akwatin da ya ninka nasa. Ruwan ya yi garau kamar babu shi. Cikin wannan garau ɗin ɗaya daga masu ruwan lemon ya fara numfashi da sauri, ya kwana biyu yana jingina da gilashi, shi ma ya tafi.

Saura ɗaya. Ya shige bayan dutse, sai bakinsa ake hangowa yana buɗewa yana rufewa.

Inna Turai ta ci gaba da harkokinta. Tana dama wa Hasana kunun kanwa, tana wanke jaririya, in ta zo wucewa ta falon takan tsaya kaɗan a gaban akwatin sannan ta wuce.

Ranar Talata Surajo yana da 'yan aji biyu a ɗakin gwaji. Darasin da yake yi duk shekara ne, har ya haddace shi. Ya zuba ruwan gishiri a ƙaramin kasko, ya ɗora a wuta, ɗalibai suka kewaye shi. Ruwan ya tafasa, ya ƙafe, farin gari ya rage a gindin kaskon.

"Ku rubuta," ya ce. "Ruwa yana tashi ya zama tururi. Gishiri ba ya tashi, yana nan inda yake."

Suka sunkuya suna rubutu. Shi kuma ya tsaya da alli a hannu yana kallon kaskon. Ya tuna fankar da take kaɗa saman ruwan tun safe har dare. Ya tuna bokitin da yake damawa kowace yamma, sama da wata guda. Abin da yake fita ruwa ne zalla. Abin da yake mayarwa ruwa ne da gishiri.

Ana buga ƙararrawar tara ya hau babur ɗinsa. Ya shiga gida ko sallamar kirki bai yi ba, ya cika bokiti daga randa, ya nufi falo. Inna Turai tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Ina zuwa da wannan?"

"Gishirin ne, Inna. Ya yi yawa. Zan tsinka shi yanzu."

"Duka, lokaci ɗaya?"

Ya tsaya.

"Ajiye," ta ce. "Wanda ya daɗe da ƙishirwa ma ba a ba shi kwarya guda ya shanye. Yadda ya shiga kaɗan-kaɗan, haka zai fita. Ɗauko mini moɗa."

Ya ajiye bokitin. Ruwan ya ɗan fantsama a ƙafarsa. Maimakon ya ɗauko moɗar, sai ya durƙusa a gefen tabarmarta.

"Kin faɗa mini, Inna. Na yi miki dariya. Biyun nan ni na kashe su."

"Ai ba ni ka yi wa ba. Tashi, saura ɗaya, kuma ba jiran tubanka yake ba."

Suka tafasa ruwan rijiya, suka bar shi ya huce. Ya ɗebe moɗa ɗaya daga akwatin, ta zuba moɗa ɗaya a madadinta, a hankali, ta jikin gilashi. Suka sake bayan azahar, suka sake bayan la'asar. Kowane zubi sai ta tsoma yatsa.

"Da saura," take cewa.

Ranar Asabar ya koma Sabon Gari. Dattijon yana ganinsa ya ɗauko kwalin daga kan kanta, ya miƙa masa. Da ya dawo gida aka saka gilashin a ruwan akwatin, sai ya taso sama ya wuce alamar da ake so, duk da kwana huɗun da aka yi ana tsinkawa.

Suka ci gaba. Idan Surajo yana makaranta, Inna da Hasana suke zubawa, ɗaya na riƙe da jaririya ɗaya na riƙe da moɗa. A kwana na bakwai Inna ta ɗanɗana ta ce ya kusa. Ya duba gilashin, shi ma abin da ya ce ke nan.

A kwana na tara da safe, Surajo ya marmasa abinci a saman ruwan kamar yadda yake yi kullum ba tare da an taɓa ba. Yana shirin juyawa sai Hasana ta riƙe masa hannun riga.

Kifin ya fito daga bayan dutsen. Ya rame, ɗamararsa ta dushe. Ya zagaya sau ɗaya, ya tashi sama, ya cafke ƙwayar farko.

"Me ya faru?" in ji Inna Turai daga tabarmarta. "Kun yi shiru."

"Yana ci, Inna."

"To a ƙara masa kaɗan."

Darasi: Kayan aiki masu kyau ba sa maye gurbin kunne. Sau da yawa abin da ka karanta a littafi wani ya daɗe da saninsa a bakin murhu, sunan ne kawai ya bambanta. Ka auna magana da gaskiyarta, ba da karatun mai faɗarta ba, kuma idan ka gano kuskurenka ka gyara shi da haƙuri, kada gaggawa ta ƙarasa abin da girman kai ya fara. Idan akwai wanda kake ganin labarin nan zai amfane shi, ka tura masa.