Ƙwaryar Wuyan Duna

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun matso.

To, ku gyara zama. Amma tun yanzu in gaya muku, ta yau ba ta dariya ba ce.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye na bakin daji, sunanta Hakama. Mijinta Nomau maharbi ne. Ya rasu bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gona ba, sai bukka ɗaya da wani baƙin kare mai suna Duna. Kada ku raina wannan gado. A garin nan al'ada ce, in an fita farauta kare ya kama nama, to cinya ta mai kare ce, ko da bai taka daji ba. Saboda haka da an buga gangar farauta sai Duna ya bi maza, da la'asar a aiko wa Hakama cinyar zomo ko ta gada. Da wannan take ci, da ɗan kaɗin zaren da take yi. In ta zauna da mazari a hannu kuma shi ne abokin hirarta, don a wancan zamani dabbobi suna magana. Inna yake ce mata.

Ran nan aka fita farauta, Duna ya taka tarkon ƙarfe da aka ɗana wa kura. Aka kawo shi gida a saɓe, ƙafarsa ta baya tana reto. Hakama ta ɗauki mayafi ta tafi da kanta wurin Mantau, Sarkin Ɗori, wanda ke gyara karaya a garin. Mutane a hanya suna cewa, "Don kare za ki taso dattijo?" Ta wuce abinta.

Mantau ya zo ya duba, ya latsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Matar Nomau, ɗori ba ya kama garin ƙashi. Ko ƙafa ta tafi, ko kare ya tafi. Ki zaɓa."

Hakama ta dubi Duna. Duna ya ce, "Inna, zaɓa mini, ni idona ya fara rufewa."

Ta ce a yanke.

Ba zan gaya muku yadda aka yi ba, yanzu kuka ci tuwo. An dai yanke, an ƙona bakin ciwon da wuƙa mai zafi, an ɗaure da ƙyalle. Da aka gama sai Mantau ya ce a ba shi ƙwarya. Hakama ta ɗauko babbar da take tankaɗe a ciki. Ya fafe gindinta, ya zura kan Duna ta ramin, bakin ƙwaryar yana kallon gaba, ya ɗaure ta da igiya a wuyansa.

Ya ce, "Abu uku zan gaya miki. Ki wanke ciwon da ruwan bagaruwa safe da yamma, ki shafa man kaɗanya. Ki ba shi romo da hannunki, don da ƙwaryar nan bakinsa ba zai kai kasko ba. Na uku shi ne babba: kada ki cire ta sai kasuwa uku ta ci. Zai roƙe ki, zai yi kuka, zai yi fushi. In harshensa ya kai ga ciwon nan, to ni ba ni da sauran dabara."

Hakama ta ce ta ji.

Jinya kuwa, wanda bai yi ta ba shi ke cewa mai sauƙi ce. Ta yi wa Duna shimfiɗa da tsohon buhu a rumfar ƙofar ɗaki. Da safe ta jiƙa bagaruwa ta wanke, yana nishi tana ba shi haƙuri. Ta kai zarenta wurin mahauci ta musanya da ƙashi, ta dafa romo, ta durƙusa tana ba shi da ludayi ɗaya bayan ɗaya. In zai zaga, sai ta zura tsohon zani ta ƙarƙashin cikinsa ta riƙe bakin biyu, ya taka, ya faɗi, ta ɗaga. Kafin kowace alwala sai ta wanke hannunta da toka, don ta taɓa kare. Bayanta ya riƙe, kaɗinta ya tsaya, amma kare ya fara murmurewa.

To, akwai Gizo. Ƙanshin romon nan ya bi iska ya same shi har gida. Ya leƙo ta danga ya ga abin takaici: ludayi daga tukunya sai bakin kare, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Ya ce a ransa, "Muddin ƙwaryar nan na wuyansa, tsohuwar nan ba za ta ajiye kasko ta juya baya ba."

Sai ya zo dubiya. Kun san ba a korar wanda ya zo gaishe da mara lafiya, ko da shi ya sace maka akuya jiya. Dole a shimfiɗa masa tabarma, dole a saurari maganin da zai faɗa, don kowane mai dubiya da nasa maganin yake zuwa.

Gizo ya yi sallama ya ce, "Shannu Iya, yaya mai jiki? Allah ya ƙaya shauƙi." Ba zan yi ta kwaikwayon tsamin bakinsa ba, haƙorana ba su da yawa. Ya zauna yana bin ludayi da ido, sannan ya ce, "Amma Iya, wannan ƙwarya ai zalunci ce. Bawan Allah an raba shi da ƙafa, kuma a kife masa kai?"

Hakama ta ce, "Sarkin Ɗori ya ce kasuwa uku."

Gizo ya ce, "Haka ne, haka ne." Ya tashi ya tafi yana haɗiyar yawu.

Kasuwa ta farko ta ci. Gizo ya dawo dubiya, wannan karon da rakiyar Akuya da Zakara. Aka shimfiɗa musu tabarma. Ba su gama gaisuwa ba Zakara ya fara ƙunshe dariya. Ya ce, "A da in ya yi haushi sai mu haye danga. Yau ga shi an rufe shi kamar ragowar tuwo."

Akuya ta ce, "Ni da na hango shi daga ƙofa, na ɗauka mai tallan fura ce ta zauna hutawa."

Gizo ya ce, "Haba, ku daina, ba kyau," alhali shi ya koya musu a hanya.

Da suka tafi Duna ya ce, "Inna, cire mini abin nan. Ni fa karen Nomau ne."

Ta ce, "Kasuwa uku, Duna."

Ya juya wa bango fuska. Kwana uku bai ce mata uffan ba. Yana karɓar romo, yana bari a wanke masa ciwo, amma magana babu. Wannan ya fi ciwon baya cin ran Hakama, don in Duna ya yi shiru, to gidan gaba ɗaya ya yi shiru.

Kasuwa ta biyu ta ci. Duna ya fara takawa da ƙafa uku ba tare da zani ba, daga rumfa zuwa randa, daga randa zuwa bakin danga. Ciwo ya bushe, ya fara haɗa baki. Kun kuwa san ciwo in zai warke a lokacin yake ƙaiƙayi.

Saura kwana biyu kasuwa ta uku ta ci, da hantsi, aka buga gangar farauta. Karnukan gari suka wuce ta ƙofar gida da gudu. Duna ya miƙe, ya manta, ya yunƙura zai bi, ya faɗi a kan ƙwarya. Ya kwanta a nan yana kuka. Ya ce, "Inna, ƙafar da babu ita ke mini ƙaiƙayi. Ina jin yatsunta. Bar ni in kai bakina ko sau ɗaya."

Daidai nan Gizo ya yi sallama, dubiya ta uku. Aka shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi kare a ƙasa, ya matse ido kamar mai hawaye, ya ce, "Iya, ki ji tsoron Allah. Harshen kare ai shi ne maganin kare, kowa ya sani. Kakan kakansa wa ya sa masa ƙwarya? Ga ciwo ya bushe. Yau da jibi, mene ne bambancinsu?"

Hakama ta ce, "Sarkin Ɗori ya ce..."

Sai Duna ya ce, "Da Nomau na da rai, da bai bar ni haka ba."

Maganar nan ta soki Hakama a inda ba ta da kariya. Kuma bari in gaya muku gaskiya, don ba zan rufa mata asiri ba: ta gaji. Randarta ba ruwa, gwiwoyinta sun yi kanta saboda durƙuso, kuma tana marmarin Duna ya sake kiranta Inna da daɗin rai. Ta sa hannu ta kwance igiya.

Duna ya girgiza kai, ya kaɗa wutsiya, karo na farko tun ranar tarko. Ya ce, "Na gode, Inna."

Ta ce, "Kada ka taɓa ciwon."

Ya ce, "Ba zan taɓa ba." Kuma har cikin ransa haka yake nufi.

Ta juye romo a kasko ta ajiye masa, ta ɗauki tulu. Gizo ya ce, "Je ki rafi hankali kwance, Iya, zan kula miki da shi."

Tana ba da baya Gizo ya kafa kai a kasko. Duna ko kallon romon bai yi ba. Ya ce lasa ɗaya kawai zai yi a gefen ƙyalle. Ya lasa, ya ji daɗi. Ya sake lasa, ya ji ya fi. A ta uku ya sa haƙori. Gizo yana gani, amma karen da ya shagala da ciwonsa ba ya duban kasko, don haka bai hana shi ba. Ya suɗe tas, ya goge baki, ya bi ta danga.

Hakama ta dawo ta tarar da ƙyalle a yayyage, buhu jiƙe da jini, ciwon da ta yi kwana goma sha tara tana lallaɓawa ya buɗe baki. Ta sauke tulu. Ta wanke, ta shafa mai, ta ɗaure, ta mayar da ƙwarya. Duna bai yi musu ba, da kansa ya miƙa wuya.

Washegari wurin ya kumbura. Ranar da kasuwa ta uku ta ci, ranar da ya kamata a cire ƙwarya a yi murna, sai ga ƙuda sun taru, jikin Duna ya yi zafi, ya ƙi romo. Hakama ta koma wurin Mantau kanta a ƙasa. Ya zo ya duba. Sannan ya ce, "Matar Nomau, wancan karon akwai abin yankewa. Yanzu ciwon ya shige ciki." Bai yi mata faɗa ba, bai tambaye ta yadda aka yi ba. Da ma ya zage ta, da ta fi jin sauƙi.

Da la'asar ta kwance ƙwaryar, don ba ta da sauran amfani. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Duna a cinyarta, ba ta ko tuna zancen toka da alwala ba.

Duna ya ce, "Inna, kada ki ɗora wa kanki. Ni na roƙa."

Ta ce, "Ba kai ba ne, ciwo ne ya roƙa da bakinka. Ni ce mai lafiya. Hanawa ita ce aikina."

Ya ce, "Da kin hana, da na yi fushi da ke ƙwarai."

Ta ce, "Da yau ka huce."

Kafin rana ta faɗi Duna ya cika.

Ta haƙa rami da kanta a bayan bukka ta binne shi. Kwana biyu sai ga Gizo ya zo ta'aziyya. Ya yi sallama, ya tsaya jiran tabarma, har yana tambaya ko akwai sauran ƙashin mamaci da za a yi sadaka da shi. A ranar ne Hakama ta karya al'ada. Ba ta shimfiɗa tabarma ba, tsintsiya ta ɗauko. Gizo ya ruga ɗaki ya haye rufi ya maƙale a lungu. Shi ya sa har gobe a can kuke ganinsa, kuma duk macen da ta hango shi tsintsiya take nema.

Amma korar Gizo ba ta dawo da kowa ba. Hakama ta rataye ƙwaryar nan a jikin bango, ba ta riƙe gari, ba ta riƙe ruwa, ita kuma tsohuwar ba ta iya jefar da ita ba. Duk ranar da aka buga gangar farauta sai ta ajiye mazari har ƙarar ta yi nisa. Da la'asar kuma ta dubi ƙofa, ko da ta san ba mai shigowa.

To, kun ji. In Allah ya ɗora muku jinya, ta mutum ce ko ta dabba, ku gaisa da mai dubiya, ku ba shi tabarma, amma kada ku ba shi kunne. Kuma ba kowane roƙon mara lafiya ake biya ba. Gara ya yi fushi da kai ya tashi, da ya gode maka ka binne shi.

Kungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, a wuyan Gizo take. Ku tashi haka nan.