Katakon Ɗakin Baba

Dogo kafinta ne da ba a raina hannunsa. Ƙofar da ya haɗa ba ta kuka, teburin da ya yi ba ya rawa. Aibinsa guda ne, amma babba: ba ya son jira, kuma ba ya son a gaya masa. Kana buɗe baki za ka ba shi shawara zai haɗe rai, jijiyar wuyansa ta tashi, ya tambaye ka ko kai ka koya masa riƙe zarto.

Mahaifinsu ya tsufa, idonsa ya tafi, sanyin siminti kuma yana tayar masa da ciwon gwiwa. Shi ya sa yayar Dogo ta gina wa tsohon ɗaki a gidanta, ta ce a shimfiɗa masa katako a ƙasa, mai ƙwari, mai ɗumi a tafin ƙafa. Dogo ya bugi ƙirji a gaban 'yan uwa ya ce aikinsa ne, kuma kafin mako ya zagayo Baba zai kwana a ciki.

Ranar da ya sauke katako, birkilan da ya zuba daɓen yana nan yana wanke cebur. Ya dubi katakon, ya dubi ƙasa, ya ce, "Maigida, daɓen nan fa ɗanye ne. Samansa ne ya yi fari, cikinsa da ruwa. Ka manna leda a kai ka bar ta ta kwana. In ta yi gumi, ka ƙyale shi ya sha iska."

"Ka gama naka?" in ji Dogo.

"Na gama."

"To ɗauki ceburinka ka ba ni wuri. Mai kwaɓa ƙasa zai koya mini katako!"

Birkila ya tafi yana girgiza kai. Amma Yaya ta ji maganar, ta sa baki, dole Dogo ya manna ledar yana tsaki. Washegari ya riga kowa shiga ɗakin. Ya ɗaga ledar, sai ga ruwa ɗige-ɗige a ƙarƙashinta, simintin wurin ya yi duhu. Ransa ya ɓaci, ba don danshin ba, don birkila ya yi gaskiya. Ya dunƙule ledar ya cusa a aljihu, ya goge wurin da tsumma.

"Yaya ledar?" Yaya ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Ƙalau. A bushe take kamar ƙashi."

Ya wuce shagon kayan gini. Matar da ke sayarwa ta ce gam ɗin da ake manna katako a siminti, wanda ke tare danshi, ya ƙare, sai an kawo. Ta ce kuma akwai wani shafe da ake fara yi wa daɓe kafin a zuba gam. Dogo ya nuna farin gam da ke kan kanta.

"Wannan na kujeru ne," in ji ta. "Da ruwa aka haɗa shi. Ka sa shi a kan danshi, ruwa ka ƙara wa ruwa. Ba zai kama ba."

"Ke sayarwa aka ce ki yi ko wa'azi? Ba ni."

Ya kwashi bokitai ya koma. Bai bar katakon ya saba da iskar ɗakin ba, bai bar 'yar tazara a jikin bango inda itace zai motsa ba. Ya shafa gam, ya jera, ya danne, ya goge, ya sa mai. Ɗakin ya fito yana ƙyalli har mutum na ganin inuwarsa. 'Yan uwa suka yi ta yabo, Dogo yana tsaye hannu a ƙugu. Aka kamo hannun Baba aka shigo da shi, ya taka, ya yi murmushi, ya sa wa ɗansa albarka.

Ba a daɗe ba Baba ya fara magana. Ya ce ɗakin yana wari irin na rigar da aka naɗe ba ta bushe ba. Ya ce akwai wuri kusa da gado da ke amsawa in ya taka, kamar ganga. Yaya ta kira Dogo. Ya zo a fusace, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga gefen katakai sun fara ɗagawa kamar leɓen kwano, ya kawar da ido.

"Sabon katako haka yake, zai kwanta," in ji shi.

"Ɗan nan," in ji Baba a hankali, "ina jin shi yana tashi a ƙarƙashin ƙafata."

"Baba, ku da ba ku gani, me za ku gaya mini?"

Yaya ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Dogo ya fice yana faɗa shi kaɗai, wai mutanen gidan nan ba su san godiya ba.

Itace kuwa ya ci gaba da shan ruwan da ke fitowa daga siminti. Ya kumbura, ya tura bango, bango bai matsa ba, sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Wata safiya Baba ya tashi zai je banɗaki ta hanyar da ya haddace. Yatsansa ya ci karo da bakin katakon da ya ɓalle. Ya faɗi a kan ƙugunsa, ƙashin ya karye.

Dogo ya iso bayan an tafi da tsohon asibiti. Ya tarar da Yaya a ɗakin, ta ɗauko ƙarfe tana ɓamɓare katakon da hannunta. Ba ta ma sha wahala ba, suna tasowa kamar ɓawon ciwo. Ƙarƙashinsu baƙi ƙirin da funfuna, gam ɗin ya koma yauƙi, wari ya cika ɗakin.

"Taɓa!" ta daka masa tsawa. "Sa hannunka ka taɓa! Wannan ne a bushe kamar ƙashi?"

"Yaya, katakon ne ba shi da kyau..."

"Rufe mini baki! Birkila ya gaya maka, ka kore shi kamar kare. Mai shago ta gaya maka, na je na ji da kunnena. Baba ya gaya maka, ka yi masa gorin ido a gabana. Ido! Kai mai idon, me ka gani da shi? Ka ga ruwa a ledar nan ko ba ka gani ba?"

Dogo ya nemi faɗan da ya saba, bai same shi ba.

"Na tambaye ka!"

Ta jefa ƙarfen a gabansa ta ce, "Da ka ce mini a jira, wa zai kashe ka? Tsohon nan yana da inda yake kwana. Bakinka kawai ka ji wa tsoro, kada a ce Dogo ya faɗa bai cika ba. To ga shi ka cika."

Likita ya ce a shekarun Baba ƙashin ba zai koma yadda yake ba, tafiya sai da mai riƙe shi. Dogo ya yi ta zagaye asibitin ya kasa shiga. Da ya daure ya shiga, ya tsaya a ƙarshen gado, Baba ya ji motsi ya juyo da kai.

"Wa ya shigo?"

Yaya ta dubi ƙanenta ido cikin ido. "Kafinta ne, Baba."

Tsohon ya juya fuskarsa bango ya ce, "A ce masa mun gode."

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Siminti yana da lokacin bushewarsa, ba ya sauri don wani ya yi alkawari, kuma kowane gam da aikin da aka yi shi dominsa. Wanda ya ga alamar matsala ya goge ta da tsumma bai kawar da ita ba, ya dai ɓoye ta ne a inda za ta girma. Ƙwarewa ba ta hana mutum sauraro, kuma jin kunyar cewa "a ƙara mini lokaci" ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da abin da gaggawa da girman kai ke jawowa. Sau da yawa ba mai taurin kan ne ke faɗuwa ba, wanda ya amince da shi ne.