Mai Fiton da Ya Tare Gada

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin motocin katako. Baba Kakale ake ce masa, sana'arsa fito. Kwale-kwale ɗaya tal gare shi, da shi yake ƙetarar da mutane, da shi yake ci da iyalinsa. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai barkwanci. In ka shiga jirginsa kana makyarkyata, sai ya yi ta tsokanarka har ka manta da tsoro.

Ana nan sai hukuma ta gina gada, cinikin Baba ya mutu murus. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma kamun kifi, yana cewa, "Alhamdu lillahi, yanzu mai naƙuda za ta isa asibiti ba sai ta jira ni ba."

To ku saurara, jama'a. Kowa ta saman gada yake bi, sama kuwa sumul, fenti sai ƙyalli. Baba kaɗai ke bi ta ƙarƙashi. Damina na kankama ya ga ginshiƙi ya tsage, har hannu na shiga. Ya taɓa simintin, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ashe ɗan kwangila ya yi rowar siminti, ya labta yashi.

Ya je wurin mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, gadar nan ba ta da lafiya."

Mai gari ya yi murmushi. "Baba, mun san gada ta tsone maka ido, ta ɗauke maka abinci. Ka yi haƙuri."

Ya je tasha, direbobi suka kwashe da dariya, wai tsoho na neman fasinja. Maganar nan ta yi masa zafi, wallahi ta yi masa zafi. Ga ranar kasuwa ta matso, ranar da motoci ke zuwa shaƙe da hatsi, mutane zaune a kan buhuna.

Ya ce wa matarsa Tabawa, "Muddin jirgina na kan ruwa, ba mai yarda da ni."

Ta ce, "Malam, ka fi ni sani, jirgi in ya sha rana tsagewa yake. Da me za mu ci?"

Ya ce, "Allah ke ciyarwa. Amma in mota ta rufta da 'ya'yan mutane, da wane ido zan dubi iyayensu?"

Sai Tabawa ta ɗaure zane ta ce, "Miƙo igiyar." Allah ya ba mu mata irin Tabawa!

Suka ja, suka huta, suka ja, har suka gicciye jirgin a bakin gada. Baba ya shiga ya zauna. Motar farko ta iso, direbanta Shu'aibu ya diro a fusace. "Baba, kau da itacenka!"

Baba ya ce, "Ɗana, mai neman fasinja ba ya fitar da jirginsa tudu. Gangara ka leƙa ƙasa. In ƙarya nake, ka taka shi da motarka, na yafe."

Shu'aibu ya gangara. Da ya dawo, sai ya juya motarsa ya tare hanya, ya tura yaron mota ya tsayar da motocin wancan ƙetare. Aka aika wa hukuma, aka shiga jira. Baba ya ƙi cire jirgi, rana ta yi ta dukan jirgin har ya dare gida biyu. Kafin hukuma ta iso, kogi ya kawo, gada ta rufta da rana tsaka, ko akuya babu a kai.

Mai gari ya zo da kansa, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mu."

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Ranka ya daɗe, ga fasinja ya samu, ga jirgi ya mutu!" Mutanen gari suka haɗu suka sassaƙa masa sabo.

Jama'a, darasin a fili yake. Wanda aka ba amanar aikin jama'a ya ha'inta, rayukan mutane ya ɗora a wuyansa, fenti kuma ba zai ɓoye wa Allah komai ba. Wanda ya ga ɓarna, ya faɗa, ko za a zarge shi, ko zai yi asara. Mu kuma mu daina auna gaskiya da aljihun mai faɗinta. Ajin da ɗanka ke zama bangonsa ya tsage, ka gani. Kwalbatin ƙofar gidanka a buɗe take, kullum kana tsallakewa. Me kake jira, sai an ɗauko gawa? Allah ya sa mu gyara.