Kura Ta Saye Littattafan Zomo

Ga ta nan, ta taho muku!

Ta iso, mu sha labari!

Kura da Zomo kowa na buga littafin zane duk wata. Zaki, sarkin kasuwa, ya ce wanda ya fi sayarwa a watan nan, rumfar bakin ƙofa tasa ce.

Kura ta ga an yi dafifi wurin Zomo, idonta ya yi ja. Ta ruga: "Malam Zomo, kawo su duka, na saya!" Ta kai rami ta binne tana ƙyaƙyatawa: "Sai in ga mai karantawa!"

Ƙarshen wata Zaki ya kira su. Zomo ya daka tsalle: "Ranka ya daɗe, ko ɗaya bai kwana ba!"

"Wa ya kwashe?"

"Ga babbar abokiyar cinikina nan, Kura!"

Rumfa ta zama ta Zomo, ga littattafan Kura jibge ba mai saye.

Ƙurunƙus kan kurar da ta yi wa abokin hamayya kasuwa!