Ƙofar da Aka Hana Mu Bugawa

An yi wani mutum a layinmu, gida na uku daga nawa in kun nufi kogi. Tsofaffin cikinku sun san shi. Ba zan kira sunansa a ɗakin Ubangiji ba, don 'yarsa Yolima tana raye, kuma ni na riƙe ta ranar baftisma. Shi ya sa yake ce mini komadre, ina ce masa kompadre.

Shekara talatin ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Barranquilla, sai Asabar yake dawowa. Gidan kuwa matarsa Nicolasa ce ta tsara shi, ita da ba ta taɓa shiga aji ba, kamar ni. Ta sa aka ɗaga rufin sama sosai. Ta sa aka jera bulo mai huji a saman kowane bango, iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Ta dasa mangwaro a ɓangaren da rana take faɗuwa. Duk shekara kafin zafi ya yi tsanani, da kanta take hawa tsani ta shafe kwanon rufi da farar ƙasa. Fanka ɗaya gare su, sai ɗan ƙaramin firji. Takardar wuta in ta zo, ba ta hana kowa cin abinci.

Kun san al'adarmu. Ƙarfe huɗu na yamma kowa ya fito da kujerarsa mai lilo ƙofar gida. Wanda ba a ga kujerarsa ba, kafin kofi ya huce an buga masa ƙofa an ji ko lafiya. Mu kam inuwar mangwaron Nicolasa muke taruwa, ni da Evaristo mai sayar da ƙanƙara da sauran tsofaffin layin.

Nicolasa ta rasu. Bayan wata huɗu aka sallami mutumin daga aiki da kuɗi masu kauri.

Ya 'yan'uwa, me mutum ɗaya zai yi da eyakwandishan biyu? Shi dai ya saya. Ya sayi firji mai ƙofa biyu, wanda ya fi ni tsawo, kuma ba komai a ciki sai ruwa da ɗan cuku. Mai haɗa injin ya ce masa sanyi ba zai zauna ba muddin hujin nan suna buɗe. Ya kira magini ya toshe su duka da siminti. Ranar Talata na ji ƙarar zarto, na fito da ludayi a hannuna.

Na ce, "Kompadre, me mangwaron nan ya yi maka?"

Ya ce, "Ganye yake zuba mini a inji, komadre."

"Shekara ashirin matarka tana ba shi ruwan wanke-wanke."

"Ni kuma shekara talatin ina gasuwa a rana. Yanzu sanyina zan saya da kuɗina, ba sai na jira iska ta ga dama ba."

Na ce, "To sa ɗaya a ɗakin kwana, ka bar wa sauran gidan iska. In ka sare wannan, rana za ta doki bangon nan daga tsakar rana har faɗuwarta. Injinka ba zai huta ba, mita ma ba za ta huta ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ji injiniya. Ke da sai jikarki ta karanta miki takardar wuta."

Na ce, "Baƙi ne ban iya ba. Lamba ba ta taɓa ɓace mini ba."

Aka sare shi da 'ya'ya ɗanyu a jikinsa.

Daga nan sai maganar ƙofa. Evaristo ya je gaishe shi, ya buɗe kamar faɗin tafin hannu ya ce, "Duk buɗewar nan kuɗi ne ke fita, peso bayan peso, Evaristo. In ba gobara ba ce, ka bari." Evaristo ya dawo yana cewa, "Maƙwabcinmu ya zama kifi, yana tsoron ya lalace." Muka yi dariya, Allah ya yafe mana.

Ni ban daddara ba. Ranar da Nicolasa ta cika shekara da rasuwa na dafa miyar kifi da rogo da ayaba, na zuba a langata mai shuɗin baki na kai masa. Hannu kawai ya miƙo. Ya ce, "Yi sauri, komadre, sanyi yana fita." Ya rufe. Kun san a nan ba a riƙe langar mutum, kuma ba a mayar da ita wayam. Na jira mako ɗaya, na jira wata ɗaya. Langa ba ta dawo ba. Ni kuwa kun san ni, ba na manta abin da ya fita daga gidana. Na ce shi ke nan, ba zan sake taka ƙofar nan ba sai ya fara taka tawa.

Muka mayar da kujerunmu ƙofar Evaristo. Muka saba da ganin ƙofar mutumin a rufe.

Takardar wuta kuma tana zuwa masa. Ba sai an karanta mini ba, fuskarsa nake karantawa in ya fito karɓa. Gidan da ba inuwa, ba huji, kwanon rufi ya yi baƙi don ba mai shafa masa fari, injin dare da rana yake nishi. Agogon da aka ba shi ranar sallama ya bar hannunsa. Babur ɗinsa ya bar gidan. Eyakwandishan ɗaya ya fita da sassafe a bayan keken jaki.

Shin ba shi da mafita? Yana da ita. Guduma ɗaya da wuni ɗaya sun isa a buɗe hujin nan. Bokitin farar ƙasa bai kai kuɗin kaza ba. Amma in ya ɗaga guduma duk layin zai ji, kuma tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta yi gaskiya ke nan. Ya gwammace ya gasu da girmansa.

A watan da zafi ya fi tsanani aka yanke masa wuta.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne nawa laifin ya shigo. Injin nan kullum yana ɗigar da ruwa a gindin bango, har ciyawa ta tsiro a wurin. Ranar Litinin ina dawowa daga kasuwa na ga wurin ya bushe. Na gane. Na tsaya, har na ɗaga hannu. Sai na tuna langata. Na ce bari ya fito da kujerarsa, in ya fito zan matsa masa wuri. Na wuce.

Talata na wuce. Laraba na wuce.

Ranar Alhamis da tsakar rana Yolima ta kira ni daga Bogotá. Ta ce, "Uwata, kwana uku wayar Baba a kashe. Kin gan shi a waje?" Me zan ce mata? Wa ya gan shi zaune a waje tun bara?

Evaristo ya ɓalle ƙofar da ƙarfe. Zafin da ya fito ya sa muka ja baya, kamar an buɗe tanda. Muka same shi kwance a kan simintin tsakar ɗaki ba riga, ya bi sanyin ƙasa. Yana numfashi. Idonsa a buɗe. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, bakinsa ya karkace. Likita ya ce da an kawo shi tun ranar farko, da wani zance ake yi.

A kan teburin da ke bayan ƙofa na ga langata. An wanke ta tas, an rufe da ƙyalle. Na buɗe, ƙullin kofi ne a ciki da ɗan mazarƙwaila. Ƙura ta kwanta a kan ƙyallen. Ya daɗe da shirya ta. Taku ashirin ne tsakanin gidansa da nawa, kunya ta hana shi yin su, fushi ya hana ni.

Yolima ta tafi da shi Bogotá. Can ba a bukatar inji, sanyi kyauta ne. Shekara biyu ya yi a kujera kusa da taga a bene na shida, lulluɓe da bargo, ba ya magana, ba wanda ya san sunansa a titin. Can aka binne shi. Nicolasa tana nan bayan cocin nan ita kaɗai, wurin da ta bar masa kusa da ita yana nan wayam.

Ya 'yan'uwa, girman kai ne ya ci mutumin nan, da almubazzaranci, da raina abin da Allah ya ba shi kyauta. Inuwa da iska da maƙwabci ba sa zuwa da takarda a ƙarshen wata, shi ya sa ya ɗauka ba su da daraja. Ku dasa itace a yammacin gidajenku. Kada ku toshe hujin bango. Ku shafa fari a rufi, ku kashe abin da ba kwa amfani da shi. Mai inji ya sanyaya ɗaki ɗaya, ya fito waje ƙarfe huɗu a gan shi.

Kuma in kun ga ƙofa a rufe, ku buga. Ko an zage ku jiya, ku buga. Duk garin nan ba wanda zai ce yana bi na ko allura, amma bugun ƙofa uku suna kaina, Litinin da Talata da Laraba, kuma wanda zan biya ya tafi. Kofin yana nan cikin langar, har yau ban iya dafa shi ba.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, namu da na maƙwabtanmu. Allah kada ya bar ɗayanmu a bayan rufaffiyar ƙofa. Amin.